A-kori-kura a Gindin Tsamiya

Lahadi, bayan sallar isha'i.

Sau biyu na wanke hannuna da sabulu amma har yanzu warin fetur yake yi, uwargida ta ce da cokali zan ci tuwon yau. Bari in rubuta abin da ya faru kafin barci ya kwashe ni.

Tun da asuba na yaye wa fijo buhunan da nake rufe ta da su. Hazo ya sauko sosai kwanan nan, ƙura ta shiga har cikin but. Na goge ta, na duba baƙin mai da ruwan lagireto, na murza makulli. Sau uku ta yi tari kafin ta kama. Baba, Allah ya jiƙansa, ya kan ce ita ma mutum ce, ba a tashinta da faɗa. 404 ce, giyarta a jikin sitiyari, ya saye ta da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, da ya haɗa da bashin mota lokacin yana malamin makaranta. A 1975 ne kamfanin fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma da irin wannan ya fara. Har ya rasu bai daina alfahari da cewa motarsa 'yar Kaduna ce ba.

Yau ne taronmu na wata-wata na masu tsofaffin motoci, a gindin tsamiyar nan ta bayan garejin Baba Makanike, kan hanyar Ringim zuwa Taura. Da na isa na ƙirga motoci goma sha ɗaya, sai na tuna yadda abin ya faro, har na yi dariya ni kaɗai. Shekara huɗu ke nan da wani ɗan gwangwan ya zo ƙofar gidanmu ya taya fijon Baba, wai da kilo zai auna ta. Kaji na ƙwai a kujerar baya a lokacin, tayoyi duk sun nutse a ƙasa. Ƙannena sun yarda, ni ma saura kaɗan. Baba Makanike ne ya zo wucewa, ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, in ka sayar da wannan a kilo, ni da kai sai gaisuwa." Wata bakwai muka yi muna fama da ita, ina zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ina tonon kayan gyara ɗaya bayan ɗaya duk ƙarshen wata.

Ranar da ta tashi mu uku ne: ni, shi, da wani Alhaji ɗan fansho mai Bitil. Ba mu ce mun kafa ƙungiya ba. Shayi kawai muke sha muna hirar kafireta. Daga baya labari ya kai Gumel da Haɗeja, mutane suka fara zuwa, aka buɗe zaure a WhatsApp, aka sa kuɗin wata, aka ɗora min rubutu don ni ne malamin makaranta. Duk wanda ya iya riƙe biro a ƙauye ya san wannan hukuncin.

Bitil ɗin Alhaji ita ce abar kallon yara. Yau ma wani ya zo da bokitin ruwa wai zai taimaka ya zuba mata, ya buɗe gaba ya tarar da safaya taya, ya tsaya baki buɗe. Alhaji ya ja shi baya ya nuna masa injin, ya ce iska ce ke sanyaya shi, ba ta shan ruwa. A Legas aka riƙa harhaɗa su, kusan lokaci ɗaya da fijon Kaduna. Akwai kuma tsohuwar Landiroba ta wani Kawu daga wajen Babura, sitiyarinta a dama, don ta riga canjin hannu na 1972 zuwa, lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Kullum sai ya ba mu labarin ranar, kullum kuma sai labarin ya ƙara tsawo.

Muna cikin shayi sai ga wata a-kori-kura ta shigo da hayaƙi, 504 mai buɗaɗɗen baya. Fenti kala uku, ƙofar direba ɗaure da igiya, bayanta kashin tumaki da ɓuntun gero. Mai ita dattijo ne, na san shi a tasha, duk Alhamis yana kai dabbobi kasuwar Maigatari, sauran ranaku kuma hatsi zuwa Gujungu. Ya sauko, ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya gaida kowa, sannan ya ce ya ji ana tara tsofaffin motoci, shi ma ga tasa.

Nan aka yi ta. Alhaji mai Bitil ya gyara hula ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam, amma mu motocin tarihi muke adanawa, wannan kuwa motar haya ce." Wani matashi ɗan Dutse mai Marsandi ya goyi bayansa, ya ce a Ingila da Jamus mota sai ta zama tsaf, da kayanta na asali, kafin a kira ta ta tarihi. Ya nuna mana hotuna a waya, motoci jere a kan ciyawa kamar amare.

Baba Makanike bai ɗago daga kofin shayinsa ba ya ce, "Yaro, a can sun ajiye su ne don sun gama aiki. A nan ba su gama ba."

Ni gaskiya zuciyata ta rabu biyu. Na san wahalar da Alhaji ya sha kafin ya samo madubi da fitilun asali, kuma in aka buɗe ƙofa, rabin tashar Ringim za ta zo, don a wajenmu kusan kowace mota tsohuwa ce. Amma kuma 504 ba ƙaramar mota ba ce. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, kuma bayan Faransa ta daina yin ta, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta kai amarya, ita ce ta kai gawa. In za a ba da tarihin hanyoyin nan namu, wace ce ta fi ta saninsu? Tawa da ke kwana ƙarƙashin buhu, ko wannan da ba ta taɓa fashin kasuwa ba?

Na faɗi haka, amma da lalama, don Alhaji sa'an Baba ne. Ya ce, "To Sakatare, kai ma?" Aka yi dariya, aka ɗage maganar zuwa wata mai zuwa. Shi dai dattijon bai ce uffan ba, ya sha shayinsa, ya zagaya ya shafa bodin fijota ya ce irinta ya koyi tuƙi da ita yana yaron mota.

Zagayen yau gajere muka yi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba mai iya dogon yawo, da har Kazaure muke zuwa. Muka jera zuwa Ringim, yara na bin mu da gudu, wata tsohuwa a bakin hanya ta yi mana guɗa, ina jin ta ɗauka biki ne.

A hanyar dawowa, daf da magariba, fijo ta fara shaƙewa, ta mutu. Laifina ne, jiya na sayi galan ɗaya a hannun wani ɗan bumburutu ban tace ba. Na kwance kafireta, na hure jet da baki, na ɗan haɗiyi fetur, ta tashi ta sake mutuwa. Sauran duk sun yi gaba. Sai ga fitila ɗaya tal tana tahowa, na ɗauka babur ne. A-kori-kura ce. Bai tambaye ni komai ba, ya ciro igiyar da yake ɗaure raguna, ya ɗaura, ya ce, "Malam, sa ta a firi, ka kula da birki." Haka ya ja ni har gareji, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Na kira Alhaji na ba shi labari, ina tsammanin zai sauko. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya saka masa da alheri. Amma dai ya yi mata fenti kala ɗaya tukuna."

Gobe kafin makaranta sai na biya gareji a sauke tanki a wanke. Igiyar mutumin ma tana but ɗina, kuma Alhamis zai buƙace ta.