Talata, da tambayar da ta biyo ni gida

Ruwa tun asuba. Sai takwas saura na isa makaranta, takalmi sharkaf. 'Yan SS2 gare ni a darasi na biyu.

Jadawalin sinadarai muka ci gaba da shi. Na zana kibiyoyin nan biyu a allo: in ka bi layi daga hagu zuwa dama ƙwayar zarra tana ƙanƙancewa, in ka gangara ƙasa tana girma. Suka maimaita baki ɗaya har ajin ya amsa. Na fito ina jin daɗi.

A baranda yarinyar nan ta kujerar baya ta cim mini, wadda babanta ke sayar da albasa a Mile 12. Ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, Turancin ke sa ta jin nauyi. Da Hausa ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, don Allah, sodiyam ilektiron 11 gare shi, kulorin kuma 17. Ta yaya mai kaya da yawa zai fi ƙanƙanta?"

Ana jirana a ofis da makin gwaji. Na ce, "Ke dai riƙe kibiyar, ita za ki tarar a WAEC." Ta ce, "To, Malam," ta juya.

Wannan "to" ɗin ya ƙi barina. Amsar ba za ta ci mini minti biyu ba. Su biyun a layi na uku suke, kowanne zobe uku gare shi, wato hanyoyin da ilektiron ke bi suna kewaya tsakiyar ƙwayar zarra, ƙarin ilektiron ɗin duk a zoben waje suke zama. Abin da ya sauya shi ne tsakiya: a nan furoton suke, su ne ke jan ilektiron ciki, 11 ke jan na sodiyam, 17 ke jan na kulorin. Da yamma, muna tsaye cak a gosulo kafin Agege, na ga ana ɗaure katifa a saman danfo. Yaron mota ya ja igiya shi kaɗai, tana nan a kumbure. Mutum biyu suka kama masa, sai ga ta ta lotsa. Igiyar ba ta ƙaru ba, hannuwan da ke ja ne suka ƙaru. Wallahi sai da na ji kamar in sauka in koma makaranta.

Shi kansa Mendeleev da ya tsara jadawalin a 1869 dalilin jerin ya bi, har ya bar gurabe babu komai, ya faɗi siffar abin da zai cike su. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, ya zauna daidai gurbinsa. Yau ɗaliba ɗaya cikin ajin nan ta nemi dalili, ni kuma na miƙa mata hadda.

Uwargida ta yi tuwo miyar kuka, kaɗan na taɓa. Wuta ta zo tara, ta tafi goma.

Na zana zobban sodiyam da na kulorin a takarda, da katifar a gefe, na sa cikin rajista. Gobe da tambayarta zan buɗe darasi, in ta yarda in ce tata ce.