Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Bakin Ruwan Jamestown

A makon jiya na tsaya a rasuwar Kaka, kuma kamata ya yi yau in shiga zamana na Kumasi, amma zuciyata ta ƙi barin Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku a Ankara, babban birnin Ghana, domin a bakin ruwan nan gidanmu ya sami arzikinsa, a nan kuma ya rasa shi.

Matasan da ke zuwa ɗaukar hoto a gindin hasumiyar fitila mai ja da fari ba su san cewa a da babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓar Ankara ba. Can nesa jiragen Turawa suke tsayawa, sai matuƙa su loda buhunan koko a manyan kwale-kwale, su ratsa igiyar ruwa da ƙarfin damtse. Ta wannan hanya Kaka ya riƙa aika huhunan goro zuwa Ikko, kuma da ribar goron ya gina gidanmu na Zongo Lane, gidan da Kawu ya sayar. Baba bai gaji fataucin ba, shi shugaban leburori ne a wani sito na bakin ruwa, kuma duk sanda wani ya yi zancen ƙaura sai ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Ganuwa biyu ke tsare da unguwar. Ussher Fort Turawan Holan suka gina ta a 1649, James Fort kuwa ta Ingilishi ce, ta 1673, kuma daga gare ta unguwar ta sami suna. Dukansu an tsare bayi a ciki, daga baya suka zama kurkuku. A James Fort aka kulle Kwame Nkrumah a 1950, kuma da aka sake shi a Fabrairun 1951 Baba yana cikin taron da ya tarye shi, abin da ya yi ta alfahari da shi har ƙarshen ransa. Ina faɗin wannan ne saboda masu kiranmu baƙi. Mutanen Ga su ne masu ƙasa, ba mu taɓa musun haka ba, kuma a lokacin Homowo, bikin girbinsu, maƙwabtanmu ba sa mantawa da mu, amma kasuwar da ke tsakiyar unguwarsu sunanta Salaga, kuma duk Bahaushe ya san hanyar da ta haɗa Salaga da Kano.

A 1962 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema, jirage suka koma can, sito-sito suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aka bar wa masunta bakin ruwan. Kawu ya zo ya ce wa Baba, "Yaya, gari ya tashi, mu bi shi Ashaiman," wato garin da ke kusa da Tema. Baba ya ba shi amsar da kuka riga kuka sani. Bayan rasuwar Baba, ko sadakar arba'in ba a yi ba Kawu ya kawo mai saye, Inna tana cikin takaba.

Na ga sabuwar tashar masunta da aka buɗe a 2024, na kuma yi wa masunta murna, sai dai a wurin gidanmu shaguna ne yanzu. 'Ya'yan Kawu suna cewa mahaifinsu hangen nesa ya yi. To, kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma su ne har yau suke haya a Ashaiman. Yadda aka raba kuɗin gidan, da abin da aka ba Gwaggo, shi zan kawo mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.