Motar Sanyi da Motar Busassun Kaya a Hanyar Kano zuwa Legas

Tireloli huɗu nake da su, uku rufaffu na ɗaukar busassun kaya, ɗaya kuma mai injin sanyi, dukkansu suna zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Kusan duk direban da ya zo neman aiki wurina motar sanyin yake fara tambaya, domin ya ji cewa kuɗin lodinta ya fi tsoka. Gaskiya ya ji, amma nakan zaunar da shi in bayyana masa cewa ladan barcin da zai rasa ne ake biyansa.

Aikin busassun kaya ba shi da sarƙaƙiya. Ana loda katan-katan na taliya, sabulu ko madara zuwa Kasuwar Singa, a komawa kuma a ɗauki riɗi ko zoɓorodo daga Dawanau. Abin da ke kan direba shi ne ya ƙirga kaya tare da 'yan dako, ya tabbatar rufin ba ya yoyo, sannan ya kwana a inda ɓarayi ba za su ɓalle masa ƙofa ba. Ko da mota ta lalace a Mokwa ta yi kwana biyu, lokaci kaɗai aka rasa.

Ita kuwa motar sanyi inji biyu gare ta, kowanne da tankin gas ɗinsa, kuma na biyun, wanda ke manne a gaban akwatin daidai bayan kan direba, ba a kashe shi muddin akwai kaya. Daskararren kifin da muke ɗaukowa daga ɗakunan sanyi na Ijora a Legas dole ne ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili har a sauke shi, yayin da wasu magunguna ke buƙatar tsakanin digiri 2 da 8, wanda idan aka bari suka daskare sun lalace ke nan. Abin da sababbin direbobi ba su cika fahimta ba shi ne, injin yana riƙe sanyin da kaya suka zo da shi ne kawai, don haka wajibi ne a sanyaya akwatin tun kafin lodi, a cusa ma'aunin zafi cikin katan kafin a sa hannu a takarda, a kuma bar sarari a sama da gefe domin iska ta zagaya.

A watan Oktoba na 2022, lokacin da ambaliya ta shafe hanyar Lakwaja zuwa Abuja a Koton Ƙarfe, motocina biyu sun maƙale a layi ɗaya. Direban busassun kaya ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashin mota yana jiran ruwa ya janye. Ɗayan kuwa da ƙarfe biyun dare ya kira ni, ina jin ƙugin injin a bayansa, ya ce, "Alhaji, gas ɗin sanyi bai wuce kwata ba." Kwana uku ya yi yana hawa acaɓa da jarka biyu yana sayen gas a hannun 'yan bumburutu, a shekarar da farashinsa ya riga ya ninka fiye da sau biyu. Kifin ya iso Kano da ƙarfinsa kamar dutse, amma ribar tafiyar gaba ɗaya ta ƙare a tanki.

Akwai kuma matsalar lodin komawa. Motar sanyi tana iya ɗaukar busassun kaya idan aka kashe injin, sai dai ƙarnin kifi ba ya fita da wanki ɗaya, kuma mai sukari ko fulawa da zarar ya leƙa akwatin sai ya juya. Ga shi injin sanyi ba kowane bakanike ne ke iya taɓa shi ba.

Saboda haka ba na ba kowa makullin motar sanyi sai ya yi shekara biyu a busassun kaya na ga halinsa. Wanda ke riƙe da ita yanzu shi ne mafi shekaru cikin direbobina, yana da ɗan littafi a aljihu da yake rubuta ma'aunin sanyi duk bayan awa uku, kuma alawus ɗinsa na hanya ya ɗara na sauran.