Abin da kansila ba zai iya yi wa Baba ba

Na iso New York a shekarar 2015, na sauka a Bronx a gidan wani dattijo ɗan zangon Kumasi wanda kowa yake kira Baba. Ya daɗe yana aikin shara a ƙarƙashin hukumar birni kafin ya yi ritaya, kuma duk daren da na dawo daga tuƙin tasi a gajiye, nasiharsa ɗaya ce: "Ɗana, ka nemi aikin birni. Albashin ba shi da yawa, amma katin asibitin ya fi albashin daraja." A ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti kan iya cinye tanadin shekara, ban yi masa musu ba, kuma bayan shekara uku Allah ya ba ni aikin.

Wata rana a 2021 na tarar da shi zaune, gilashi a kan hanci, ɗan akwatin magunguna mai gida bakwai a gefensa, yana ta juya wata takarda. Gwamnatin magajin gari Bill de Blasio ta shirya mayar da tsoffin ma'aikata kimanin 250,000 daga Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya, wanda birni yake cika musu ragowar kuɗinsa, zuwa tsarin Medicare Advantage da kamfani mai zaman kansa yake gudanarwa, domin a rage kashe kusan dala miliyan 600 a shekara. Baba yana da ciwon sukari, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne ko likitan da ya san jikinsa zai karɓi sabon katin, da kuma jiran izinin kamfani kafin a yi masa wasu gwaje-gwaje.

Na ce masa, "Baba, mu je wurin kansila mana." A Kano haka na taso na gani: idan abu ya cije, sai a nemi mai kujera, a gaishe shi, a kai kuka. Muka je ofishin kansilan unguwarmu, wata ma'aikaciya ta karɓe mu da mutunci, ta zauna ta yi mana bayanin da ya ɗauke ni watanni kafin in fahimce shi sosai.

Majalisar birnin tana da kansiloli 51, ita take amincewa da kasafin kuɗi kuma tana yin dokokin birni, amma dokar jiha tana bisa kanta. Tun 1967 jihar New York take da Dokar Taylor, wadda ta haramta wa ma'aikatan gwamnati yajin aiki, ta kuma ba su haƙƙin a zauna da ƙungiyoyinsu na ƙwadago a daidaita albashi da sharuɗɗan aiki, har da inshorar lafiya. Waɗanda suke zama a wannan teburi su ne wakilan magajin gari da gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan birni, kuma gamayyar ce ta amince da sauyin. Babu kujerar kansila a wurin. Igiyar da take hannun majalisa ita ce sashe na 12-126 na kundin dokokin birni, wanda ya wajabta wa birni biyan kuɗin inshorar ma'aikata da 'yan fansho har zuwa wani adadi. A watan Janairun 2023 gwamnatin sabon magajin gari Eric Adams da shugabannin ƙwadago suka nemi a gyara sashen domin share wa sauyin hanya, tsofaffi suka cika zauren da sandunansu, majalisa ta ƙi taɓa shi. Ikonta ya kai ga ta ƙi. Amma da wasu kansiloli suka gabatar da ƙudurin da zai tabbatar wa 'yan fansho tsohon tsarinsu, manyan ƙungiyoyin ƙwadago sun ce yin haka shiga gonar Dokar Taylor ne, ƙudurin ya yi ta zama ba a kaɗa masa ƙuri'a ba.

A nan ne nake ganin akwai giɓi, kuma yana damuna ƙwarai. Kundin tsarin mulkin jihar ya hana a rage wa ma'aikaci fansho, amma tun 1985 babbar kotun jihar ta yanke cewa wannan kariya ba ta haɗa da inshorar lafiya ba. Wanda ya yi ritaya kuwa, a yawancin ƙungiyoyi, ba shi da ƙuri'a a kan yarjejeniyar da ake ƙullawa. Ana yi masa aski ne ba ya nan, alhali shi ne ya fi kowa zuwa asibiti.

Saboda haka tsofaffin suka kafa ƙungiyarsu, suka haɗa kuɗin lauyoyi, Baba ma ya ba da nasa. Kotuna sun dakatar da shirin shekara da shekaru. A watan Yunin 2025 babbar kotun jihar ta ba birni gaskiya a babbar shari'ar, amma bayan kwana biyu magajin gari Adams ya sanar da cewa ya janye shirin.

Baba yana nan da tsohon katinsa da tsohon likitansa, sai dai abin da ya riƙe katin yanzu shawarar magajin gari ce, wadda wani zai iya sauyawa. Ni kuwa na fara zuwa taron reshen ƙungiyarmu, wanda a da nake ɗauka ɓata lokaci ne, kuma a taron watan jiya na miƙe da Turancina mai nauyi na tambayi shugaban reshe abin da sabuwar yarjejeniya ta tanadar wa waɗanda suka riga mu barin aiki.