Mako na bakwai: inuwar farin kofi

'Yan uwa masu koyon zane, yau mako bakwai ke nan da fara wannan zangon karatu, kuma tun mako na uku aiki ɗaya nake fama da shi a ɗakin zane: farin kofin tangaran a kan farin ƙyalle, fitila na haska shi daga hagu. Malaminmu ya ce ba mai taɓa wani aiki sai ya gama da wannan. Da gawayi ban sha wahala ba, domin mataki biyar aka ce mu raba haske, daga farin takarda zuwa mafi duhu, na kuwa raba su daidai. Da muka koma fentin mai ne abin ya cije.

Baƙi ne ya ɓata min aiki. Duk inda na ga inuwa sai in ɗebo baƙi in gauraya da fari in shafa. Sau uku ina yi, sau uku kofin na fitowa kamar an tono shi daga cikin toka, inuwarsa ta manne wa ƙyallen kamar dauɗa. Malamin ya daɗe tsaye a bayana, sannan ya ce in kanne ido in faɗa masa launin da ke gefen kofin na dama. Na ce ruwan toka. Ya ce in ƙara dubawa, ya wuce abinsa.

A ajin tarihin zane na samo amsar, ajin da da yawa daga cikinmu suka ɗauka haddar shekaru ce kawai don jarrabawa. Ranar an yi mana bayanin Michel Eugène Chevreul, masanin sinadarai da aka ba shugabancin sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris a 1824. An kai masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya kama launi sosai. Ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa lau. Abin da ke faruwa shi ne idan baƙin zare ya zauna kusa da shuɗi, ido ne ke ganinsa kamar ya koɗe. A 1839 ya fitar da littafinsa a kan haka: duk launi yana tura maƙwabcinsa zuwa ga kishiyarsa, ja ya tura zuwa kore, ruwan goro ya tura zuwa shuɗi. Daga nan aka haska mana zane-zanen tarin alkama na Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, waɗanda ya yi wajen 25 tsakanin 1890 da 1891 a ƙauyen Giverny. Tari iri ɗaya, amma da safe daban, da yamma daban, cikin dusar ƙanƙara daban. Na zuba wa inuwoyin ido, shuɗi ne da shunayya a kwance a ƙasa. Ina zaune a wurin kofina ya faɗo min a rai: ashe hasken fitilarmu ruwan ɗorawa ne, ke nan zai tura inuwar kofin zuwa ga kishiyarsa, wajen shuɗi da shunayya.

Washegari na samu kwali mai ruwan toka na huda shi da bakin fensir. Ku gwada wannan, don Allah. Idan kuka leƙa ta hudar, kofi ya ɓace, ƙyalle ya ɓace, ɗigon launi kawai ya rage, zuciya ba ta da damar ce muku ai wannan fari ne. Gefen dama da na kira ruwan toka ashe shuɗi-shuɗi ne mai sanyi. Can ƙasa kuma, inda kofin ya kusa taɓa ƙyallen, akwai wani siririn haske mai ɗumi da ƙyallen ke mayar masa, kaurinsa bai kai na ƙaramin yatsa ba. Mako huɗu ina kallon wurin ban gan shi ba.

Na kawar da baƙi gefe. Yanzu duhuna daga shuɗin altramarin nake haɗa shi da ruwan ƙasa mai ja-ja, in rinjayar da shuɗin inda nake son sanyi, in rinjayar da ruwan ƙasan inda nake son ɗumi. Shi wannan shuɗin a da daga dutsen lazuli na Afganistan ake niƙa shi, tsadarsa ta sa masu zane ke tattalinsa matuƙa, sai a shekarun 1820 aka iya haɗa shi a masana'anta a Faransa. Tun da na ji haka nake matsa shi kaɗan-kaɗan.

Zane na huɗu ya tsaya da gindinsa, kofin ya yi zagaye, har ana jin nauyinsa a kan ƙyallen. Saura hannun kofin. Na yi gaggawar ɗora sabon fenti kafin na ƙasa ya sha iska, suka cakuɗe, dole na kankare wurin da wuƙar fenti. Zan bar shi kwana uku ya bushe, in yi amfani da lokacin in fara rubutun da aka ba mu a kan Chevreul. Wanda ya riga ni samun inuwar da hannun ke jefawa a jikin kofin, ya faɗa min da me ya haɗa ta.