Tarihin Rayuwar Koci John Gagliardi: Kashi na Uku

Makon jiya mun bar John Gagliardi, mai horar da 'yan wasan ƙwallon ƙafar Amurka, a Kwalejin Carroll ta jihar Montana, inda ya shafe shekara huɗu. A 1953 ya tattara nasa ya nasa ya koma Jami'ar Saint John's da ke Collegeville a jihar Minesota, makarantar 'yan Katolika ta maza zalla, yana ɗan shekara 26. Shekarar da ya sauka, a ita suka ɗauki kambin rukuninsu.

Ƙwallon ƙafar Amurka wasan ture da kayarwa ne. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, kuma masu riƙe da ƙwallo dama huɗu gare su su ci yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Saboda haka masu horarwa na zamanin suka ɗauka dole a wuni ana gwabza yara a atisaye kafin su yi tauri.

Gagliardi ya ce ba da shi ba. Ya hana kayar da juna a atisaye kwata-kwata. Mai tsaro zai sheƙo, ya tare mai ƙwallo, ya tsaya nan, ba ya kai shi ƙasa. Dalilin a fili yake: gwiwa da kafaɗa da idon sawu ba su san bambancin ranar Talata da ranar gasa ba. Yaron da ya yi targaɗe ko gocewar ƙashi a tsakiyar mako, ranar Asabar sai dai ya yi kallo daga benci, kuma abokin wasansa ne ya ji masa. Asara biyu ke nan.

Lokacin da wasu ke ɓatawa a gwabzawa, shi maimaici yake sa wa. Dabara ɗaya za a yi ta bita har kowa ya san inda zai taka da wanda zai tare, domin yawancin ɓarnar filin daga ruɗewa take fitowa, ba daga rashin ƙarfi ba. Atisayen bai wuce minti 90. Babu usur, babu tilasta ɗaga ƙarfe, babu korar kowa daga ƙungiya, shi ya sa 'yan wasansa kan haura 150. Duk ɗan ajin ƙarshe kyaftin ne.

Bai ma yarda a ce masa koci ba, sai John. Yaro ya kira dattijo da sunansa gatsau, wannan kam kunnen Bahaushe zai ji banbaraƙwai.

Tsarin ya ɗauki shekara 10 kafin ya kai su ƙoli. A 1963 suka je birnin Sacramento wasan ƙarshe na ƙasa da Kwalejin Prairie View, suka yi nasara da ci 33 da 27. Yadda aka yi, sai mako mai zuwa.