Yadda muka rufe labarin gobarar sito

Shekara uku muna sakin wani wasan kwaikwayo mai dogon zango a YouTube duk daren Juma'a, kuma tambaya ɗaya ce ta riƙe shi tun daga kashi na farko: wa ya cinna wa siton Alhaji wuta? Ƙagaggen labari ne na wani attajirin ɗan kasuwa, irin waɗanda ke hada-hadar wake da masara a Tudun Hatsi a nan Gombe. Sito ya ƙone ƙurmus cikin dare, aka kama dattijon da ke gadi, aka kai shi gidan yari. Ni ne marubucin, kuma tun ranar da na rubuta gobarar na san mai laifi. Ƙanin Alhaji ne, mai riƙe da littafin lissafi. Ya kwashe waken ya sayar don bashi ya yi masa katutu, ya cika buhunan da ƙaiƙayi, ya sa wuta kafin asiri ya tonu.

Muna shirin zangon ƙarshe na zauna wurin wani mai shayi a Jekadafari. Yana kaɗa min ƙwai ya ce, "Malam, ai ƙanin nan ne. Tun a kashi na biyu ɗan dako ya ce buhunan ba nauyi. Kuma kwaɗon nan buɗe shi aka yi, ba fasawa ba." Burodi ya tsaya min a wuya. Maganar ɗan dakon ni na cusa ta cikin hayaniyar lodi, ina ganin ba kunnen da zai kama ta.

Da na faɗa wa darakta, sai ya dafe kai. "Malam, a canja. In sun riga sun sani, me zai sa su ƙona data?" Ya ce a ɗora wa amaryar Alhaji laifin. Na yarda, kuma wannan ita ce wautar da na fi jin kunyarta. Mako biyu ina fama. Amarya ba ta da makulli, sai an ƙirƙiro mata. Ba ta da dalili, sai an nemo. Uwa uba, mun nuna ta a gidan biki a Kumo a daren gobarar, da anko da komai. Ranar da na tsinci kaina ina rubuta mata 'yar tagwaye kamar a fim ɗin Indiya, na ajiye biro.

Dole ta sa na koma na kalli wasan gaba ɗaya, da littafi a hannu ina rubuta duk abin da muka taɓa faɗa. Na ga abin kunya. Gobarar mun ɗauke ta da hunturu, kowa da rigar sanyi, amma can gaba uwargida ta ce cikin zafin azumi aka yi ta. Duk mai shirin fara wasa mai dogon zango ya buɗe irin wannan littafi tun ranar farko, kada ya bari sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Wadda ta warware min kullin kuwa Goggona ce, mai kallo a wayar jikokinta. Na tambaye ta wa take zargi.

"Kai ɗan nan, ina ruwana da wanda ya sa wuta? Allah ya san shi. Bawan Allahn nan yaushe za ku fito da shi? Ga 'yarsa an fasa aurenta ana ce mata 'yar ɓarawo."

Fasa auren nan na rubuta shi ne kawai don kashi ya cika minti ashirin. Ashe shi ke cin mutane a rai. Sai na tuna wani tsohon wasan talabijin na Amurka, The Fugitive, da aka nuna daga 1963 zuwa 1967, kashi 120, kan likitan da aka ɗora wa kisan matarsa. Tun farko masu kallo sun san wani mai hannu ɗaya yake nema. Duk da haka, mutum kimanin miliyan 78 suka kalli kashin ƙarshe a watan Agustan 1967. Sanin mai laifi bai kore su ba, so suke su ga an wanke likitan. Da wannan na shawo kan darakta, ko da yake sai da muka yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Muka bar ƙanin Alhaji da laifinsa. Asirin ma ba mu kai shi kashin ƙarshe ba, a na kusa da shi muka tona, a gaban sarkin kasuwa, da ɗan dako da littafin lissafi. Ban ba shi dogon jawabin amsa laifi ba, don ban taɓa ganin maci amanar da ya tsaya yana zayyana yadda ya yi ba. Tsofaffin hotunan kashi na biyu muka sake haskawa yadda suke, ba mu sake ɗauka ba, domin wanda ya gano ya ji daɗin kaifin idonsa, wanda bai gano ba ya tabbatar ba ha'intarsa muka yi ba.

Kashin ƙarshe duka na mai gadi ne. A wani zaure da muka ara a Bolari muka ɗauka. Alhaji ya tako da ƙafa, ba mota, ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa gaban mutumin da a da yake kira "kai" daga nesa, maƙwabta na tsaye suna kallo. A takarda na rubuta dattijon ya ce "Na yafe." Ɗan wasan, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya miƙo min takardar. "Malam, wanda ya yi shekara uku a ɗaure bakinsa ba ya saurin buɗewa haka." Da aka kunna kyamara ya yi shiru har na fara tunanin ya manta. Can ya matsa gefe, ya bar wa Alhaji rabin tabarma. Haka muka bar shi. Goggo ta ce sau uku ta sa aka maimaita mata wurin, kuma ba ta huce ba sai da ta ga an dawo da kayan lefen yarinyar.

Bashi ɗaya ne ban biya ba. A zangon farko mun nuna direban Alhaji yana binne wani ƙulli a bayan sito. Na sa shi ne don in kawar da hankalin masu kallo daga ƙanin, daga baya ɗan wasan ya koma Kano da zama, maganar ta bi ruwa. Ni na manta, mai shayin Jekadafari bai manta ba. Har yau in na zauna a bencinsa, kafin ya ɗauko kofi sai ya ce, "Malam, wai me direban nan ya binne ne?"